Manja Ya Yi Barci

Saudatu na yaye bargon da ta naɗe fitila ta farko da shi, sai ta ga ɓarnar da sanyi ya yi. Manjan da ke tsakanin gilasan biyu ya yi barci. Jiya a flat ɗinsu na unguwar Ardwick a Manchester ja ne wur, haske na ratsa shi kamar ruwan zoɓo. Yanzu ya daskare, ya zama kamar miyar da ta kwana a firji. Ta buɗe ta biyu, mai man kwakwa, ta tarar ya yi fari fat kamar kyandir. Man gyaɗan ma ya yi duhu-duhu. Ta baƙin man mota kaɗai ce ke nan yadda ta baro ta.

Aikin da ta shekara tana yi ke nan. Kowace fitila faifan gilashi biyu ne zagayayyu, ta bar ɗan siririn fili a tsakaninsu ta cika shi da mai, ta liƙe bakin, ta kafa su a kan katako da ƙwan lantarki a baya. In an kunna, ɗaki ya ɗauki launin man. Zanen kayan amfanin gida ta karanta a jami'a, ta kuma yi shekaru tana koya wa matasa aikin hannu a wata cibiya ta council, wato hukumar birni, a Manchester, har ranar da aka tara su aka ce gwamnati ta tsuke bakin aljihu, za a rufe. Tun daga nan ta mayar da ƙaramin ɗakin gidansu wurin aiki. Amma 'yarta Raki ta girma, ba ta son kwana ɗaki ɗaya da ƙaninta. Saudatu da bakinta ta ce wa mijinta Abdulsalami, in wannan baje kolin na Birmingham bai haifar da komai ba, za ta kwashe kwalabenta ta ba yarinya ɗakin, ta karɓi aikin amsa waya da aka yi mata tayi.

Zauren baje kolin tsohon laburare ne a unguwar Sparkbrook. An kwashe littattafan, an bar kantocin. Celestina, wadda ke kula da wurin a madadin ƙungiyar unguwa, ta zo cikin rigar sanyi har da safar hannu, ta ba ta haƙuri. Ta ce tun da council ta janye hannu ba su iya kunna na'urar ɗumama zauren ba, sai ranar Asabar da tsofaffi ke zuwa shan shayi. Sauran masu baje kolin, mai tukwane da mai saƙa, sanyi bai dame su ba. Ta kuma tuna mata cewa matar nan mai shagon kayan adon gida a tsakiyar gari, wadda kowa ke jira, ta ce bayan azahar za ta leƙo, kuma ba ta daɗewa.

Wanta Yaya Maharazu, wanda ya ɗauko ta daga tashar bas, yana tsaye da hannuwansa a aljihu. Injiniya ne, shekarunsa da yawa a kamfanin gas, kuma bai taɓa ɓoye ra'ayinsa game da fitilun ba. A mota ma sai da ya ce mutane na neman man da za su soya dankali, ita tana zuba shi a gilashi. Ta jira ya maimaita. Sai ta ga ya sunkuya, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce.

"Auta, ke da kika tashi a gidan da ake ajiye kwalbar manja kusa da murhu, ba ki gwada shi a sanyi ba?"

"Ban gwada ba, Yaya. Ɗakin kullum da heater."

Ta kunna fitilar ko za a dace. Ƙwan irin na zamani ne, mai haske ba zafi. Abin da ya fito wani dishi-dishi ne mai launin ƙasa, ba kyan gani. Mai tukwane ya waiwayo, ya yi saurin kawar da kai. Hakan ya fi mata ciwo fiye da a ce dariya ya yi.

Celestina ta ruga shagon kitso na kusa ta aro na'urar busar da gashi. Saudatu ta riƙe ta a hannu, ta kasa dannawa. Ta san iska mai zafi a kan gilashi mai sanyi tana iya tsaga shi, kuma ba ta da wani. Ta mayar mata, ta zauna a kan wani akwati, ta rufe fuska da mayafi na ɗan lokaci. A ranta har ta fara lissafin inda gadon Raki zai zauna, da wanda za ta ba ragowar gilasan.

Da ta ɗago, idonta ya sauka kan wata tsohuwar fitilar karatu da aka manta a teburin ma'aikatan laburaren. Ta je ta kunna, ta kai tafin hannunta kusa da ƙwan. Akwai ɗumi, mai zuwa a hankali. Ta tambayi Yaya Maharazu ko irin wannan ƙwan zai yi wa liƙin gilashin illa. Ya auna tazarar da yatsunsa, ya tambaye ta da me ta liƙe, ta gaya masa. Ya ce in ƙaramin ƙwai ne ba abin da zai faru, sai dai an daina kawo irinsu, manyan kantuna duk sun kwashe. Bai jira ta roƙe shi ba, ya ɗaga kwalar kwat ɗinsa ya fita titin Stratford Road.

Ya daɗe. Ta yi sallar azahar a bayan kantar da aka rubuta wa tarihi, mutane suka fara shigowa: mata da keken jarirai, dattawa daga masallacin kusa, ɗalibai. Suna zuwa teburinta su duba, su gyaɗa kai don kara, su wuce wurin mai saƙa. Can sai ga shi yana haki, da leda a hannu. Ya ce shago ya bi shago, sai a wurin wani dattijo mai sayar da bokitai da tsintsiya ya samu ragowa a ƙasan kanta, kwalayen duk ƙura. Shi da kansa ya durƙusa a kan daɓen mai sanyi, da wandonsa na ofis, yana kwance sababbin yana ɗaura tsofaffin.

Suna cikin haka matar ta iso, doguwar Baturiya mai furfura, da jaka a kafaɗa. Ta tsaya gaban fitilun, ta karanta sunayen man, ta ce tunanin yana da kyau. Saudatu ta buɗe baki za ta yi bayanin sanyin, matar ta riga ta matsa gaba.

Saudatu ta tsaya tana kallon fitilar manjan don ba ta da wani wurin da za ta kai idonta. Da farko ba komai. Sannan a tsakiya, daidai saitin ƙwan, wani ɗigo ya buɗe, ja kamar garwashi. Ya yi faɗin kwabo, ya yi faɗin murfin kwalba. Daskararren man da ke gefe ya riƙa sulalowa cikin narkakken a hankali, yana juyawa, jan haske na hawa kan kantocin da babu littafi. Na kwakwar ya fi sauri, farin ya riƙa tsagewa yana zama ruwa garau. Ita da ta yi su ba ta taɓa ganin haka ba, don ba ta taɓa barinsu sun yi sanyi ba.

Wata tsohuwa 'yar Bangladesh ta ja kujera ta zauna a gaban teburin. Wasu mata biyu suka tsaya a bayanta. Celestina ta je ta kashe fitilun saman wannan ɓangaren ba tare da ta tambayi kowa ba, ta dawo ta ce a hankali, rabonta da ganin wannan launin tun kicin ɗin kakarta a Sapele, can kudancin Najeriya.

Matar mai shagon ta dawo. Ta sauke jakarta a ƙasa, ta tsaya har manjan ya narke zuwa gefe. Sannan ta tambayi Saudatu ko za ta iya sa fitilar ta yi haka duk lokacin da aka kunna ta, ko a gidan da ke da ɗumi.

Saudatu ta ji Yaya Maharazu ya taka mata ƙafa, alamar ta ce e. Ta ce gaskiya ba ta sani ba. Sai ta gwada gauraya man da wani mai saurin daskarewa, wataƙila man kaɗanya, kuma abin zai ɗauki lokaci. Matar ta dube ta, ta ce gara da ta faɗi haka. Ba ta sayi ko ɗaya ba. Ta ce dai in sanyi ya wuce Saudatu ta kawo mata guda uku, za ta sa su a tagar shagon ta ga abin da mutane za su ce.

A hanyar komawa tasha Yaya Maharazu bai yi maganar dankali ba. Yana tuƙi yana magana shi kaɗai a kan zafin da kowane mai ke narkewa, ya ce akwai wata na'urar auna zafi a garejinsa da ba ya amfani da ita, zai kawo mata Manchester ranar Lahadi. Da za ta sauka ya ce ta gaida yaran, ya ƙara da cewa ta manjan nan, in ba wanda ya riga shi, ta ajiye masa.

Bas ya hau babbar hanya, ruwa na tsiyaya a gilashi. Ta kira mijinta. Ya tambaye ta yadda aka yi, muryarsa a hankali, irin ta mai shirin lallashi. Ta ce za ta ba shi labari in ta iso, kuma za ta zauna da Raki ta roƙe ta haƙuri zuwa bazara.

"Abban Raki, kana gida?"

"Ina gida."

"Don Allah ka shiga ɗakin aikina ka kashe heater. Ka buɗe tagar ma, ka ja ƙofa."