Hular Lissafin Najiba

Najiba ce autata. Tana aji biyar na sakandare aka kawo hular nan makarantarsu a Funtua. Hula ce ta roba mai wayoyi, a sa wa yaro, a haɗa da kwamfuta. In ta ji kansa ya ɗau zafi da lissafi, sai ta sauƙaƙa tambayar, ta ba shi wadda zai iya. Malama Bridget ce ke kula da hular, haifaffiyar garin nan. Har gida ta zo ta roƙi baban Najiba, Malam Mudi, ya yarda.

Hular ba ta zama a kan kitso. Duk ranar da za a sa wa Najiba, ni ke tsefe mata kai da safe, in sake kitsawa da yamma. Tana tsokanata wai Inna ta samu aikin gwamnati.

Da damina ta fara cewa in sassauta hannu, kanta na sarawa. Muka sayo magani a kemis. Babanta ya je makaranta ya tambaya ko hular ce, aka ce masa a'a, ai yarinya kullum cinye tambayoyinta take. Hankalinmu ya kwanta. A ganinmu mai ciwon kai na gaske ba zai cinye lissafi ba.

Lokacin cirar auduga, ina tsefe mata, ta ce min tana dariya wai jiya bakwai a tara da biyar aka tambaye ta, kuma sai da ta daɗe kafin ta samo. Na ajiye matajin. Yarinyar da ke koya wa yaran unguwa lissafi.

Daga asibitin gari aka tura mu Zariya. Likita ya ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, ya riga ya girma, da mun zo da wuri da an gwada aiki. Ba ta kai azumi ba.

Malama Bridget ta zo gaisuwa, ta zauna gefen tabarma, idonta ja. Ta ce ba hular ta jawo ciwon ba, amma tun damina hular ke jin kan yana shan wuya.

Na ce, "To wa ta gaya wa?"

"Ba kowa, Mama. Sauƙaƙawa kawai aka koya mata."

Na miƙa mata ruwa.

Bana 'yar maƙwabciyata Ladidi ake sa wa hular. Na shiga gidan na sami uwar tana tsefe mata kai. Na ce mata ta riƙa tambayar yarinyar me aka tambaye ta, ba nawa ta ci ba.