Sai Jirgin Baba Arzika Ya Tashi

Jirgin ya yi baya. Baba Arzika ya ɗaga sandar rimot, farfela ta ɗauki ƙugi, sai muka ga jirgin yana ja da baya a kan simintin tsakar gida, jela a gaba, har ya je ya daki bahon wankin Inna Iyatu.

"Jirgin kowa gaba shika yi," in ji Inna, ba ta ko ɗago kai ba. "Naka baya."

"Injin na bai zauna ba," in ji Baba. "Sai an sake buɗe shi. Kwana biyu haka."

"Makon jiya ma kwana biyu kac ce."

Ina tsugune a gindin bango ina kallonsu. Ni dama ba gwanar magana ba ce, balle a gaban manya. Amma raina ya ɓaci, domin jiya ni na haɗa wayoyin injin nan da hannuna, na gwada, na ji iska tana bugawa baya yadda ya kamata.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a Runjin Sambo. Baba Arzika ya tsufa yana gyara wa mahauta firij. Da ya ajiye aikin sai ya ga jirgin wasa mai batir a wayar wani, ya hana ɗansa Maccido da ke Legas sakat har ya aiko masa da kayan haɗi: inji kamar ƙwan kaza, batir, rimot, da wasu 'yan injuna masu motsa jela. Jikin jirgin shi ya yanka da kansa daga farin soson nan marar nauyi da ake naɗe sabon firij da shi. Yana cikin wannan aiki ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya fara gagararsa. Likita ya ce zuciya ce, a kwantar da shi a asibiti kada a ɓata lokaci. Baba ya ce ya ji, zai je, amma sai jirginsa ya tashi. A gaban limamin unguwa ya faɗi haka, kuma duk wanda ya san Baba ya san ba ya janye abin da ya faɗa a gaban liman.

Washegari Inna ta shigo wurin mahaifiyata ta ce a ba ta aron Bahijja, wato ni, tunda ta karanci lantarki a jami'a. Fiziks na karanta, ina zaune gida ina jiran kiran bautar ƙasa, ban taɓa riƙe jirgi ba. Ban iya gyara mata maganar ba. Na ɗauki mayafi na bi ta.

Tun daga ranar ban huta ba. Na kalli bidiyo har data ta ƙare. Na daidaita jela, da safe na tarar ƙarfen da ke jan ta ya zare. Na cika batir da solar gidanmu, da rana aka ce ya sauka. Wani ɗan noti da na ɗaure tamau ya ɓace, muka share tsakar gida kaf ba mu gan shi ba. Baba kuwa kullum yana kan kujerarsa ta roba yana ba ni umarni, yana kirana Injiniya, da irin muryar da ake kiran mai tallan da ya cika tsada.

Injin irin wannan wayoyi uku gare shi. In aka musanya biyu daga ciki, sai ya juya ta ɗaya hannun. Saboda haka jiya, da na gama haɗawa, na ɗiga wa kowace waya jan farce tare da abokiyar haɗinta: ta farko ɗigo ɗaya, ta biyu ɗigo biyu, ta uku ɗigo uku.

Na jira Inna ta shanya kaya ta fita kai niƙa. Sannan na matsa kusa da Baba.

"Baba, wayoyin ga an sauya su."

"Wa zai sauya su?"

Na nuna masa. Mai ɗigo ɗaya tana cikin mai ɗigo biyu. Ya kawo jirgin kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa.

"Mi na wanga ja?"

"Jan farce na."

"Jan farce kis sa wa jirgina." Ya ajiye shi a cinya. "Abin da anka koya maku jami'a ke nan? Ɗana wa tsoho tarko?"

Na sunkuyar da kai. Idona ya sauka a kan takalmansa. Ya tsaga su da wuƙa ta sama don ƙafar ta shiga, duk da haka naman ya tuttuɗo ta gefe yana sheƙi.

"Uba mai kilishi da ƙafatai yash shiga asibitin ga," in ji shi. Yana magana yana tsayawa ya ja iska. "Abdulwahabu ma haka. Duka ina cikin waɗanda sunka ɗauko gawarsu. Nan ina jin kiran sallar liman, ina jin faɗan Iyatu. Can mi za ni ji? Ki bar ni da wayoyina, ɗiyar Ashafa. Mu gyara, shi ɓaci, mu gyara. Wa anka cuta?"

Na san wadda aka cuta. Kusan kullum sai Inna ta shigo ɗakin mahaifiyata ta zauna bayan ƙyaure ta yi kukanta, ta wanke fuska a butarmu, sannan ta koma gida ta ci gaba da yi masa faɗa. Na kuma san da gaske yake jin tsoro, ba rigima ba ce kawai. Haushin duka biyun ya cika ni, da haushin kaina da na yi sati ina neman notin da yake cikin aljihun mutum.

"Ba ni gaya wa Inna," na ce.

"Madalla. Allah shi yi maki albarka."

"Amma jirgi gidanmu zai kwana."

Na ɗauke shi daga cinyarsa. Na haɗa da rimot da batir da ƙarfen dalma na zuba a leda. Bai iya tashi ya hana ni ba, kuma na san hakan lokacin da nake ɗauka.

"Ashe mugunta gare ki," in ji shi. "Ana ganin ki shiru-shiru."

Katanga ce ɗaya, amma ƙofar gidanmu sai an zaga kwana, kuma a kwanar majalisar unguwa take. Ni da nake canza hanya don kada in gaida maza uku, yau ga ni da jirgi mai fukafukan da suka fi hannuwana faɗi, sai da na karkata shi na fita zaure.

"Bahijja, Jidda za a?"

"A rage muna hanya, ko baya mu zauna."

"Ku bar ta, direba ba ta magana."

Na wuce, fiffike ɗaya yana gogar bango.

A ɗakina na cire mahaɗan wayoyin gaba ɗaya, na liƙe su da dalma, na naɗe da baƙin tef. Na ɗora jirgin a kan yatsuna biyu ta ƙarƙashin fukafukai, ina matsar da batir gaba da baya har ya tsaya bai rinjaya ba. Na gwada jela, sama, ƙasa, dama, hagu. Mahaifiyata ta leƙo ta ce kada in ƙona mata katifa. Na aika ta ta gaya wa Inna gobe bayan asuba a kira Illo mai keke napep.

Rana ba ta gama fitowa ba muka kama hanyar Kwalkwalawa. Ni ina gefe, jirgi a tsaye tsakanin gwiwoyina, fiffike ya leƙa waje. Baba a tsakiya, Inna a ɗaya gefen. Tunda muka tashi bai kalle ni ba. Da muka wuce gada ya waiga bayan kujera.

"Wagga jaka ha?"

"Tabarma ta," in ji Inna.

"Tabarma mai zif."

Illo ya tsayar da mu a bakin wani fili da aka gama cire albasa. Can gaba manoma suna ban-ruwa, injinsu na tafa. Iska kaɗan ce, tana zuwa daga gabas. Illo ya kama Baba ya sauko, ya jingina da jikin keken, na miƙa masa rimot.

"Tsaya tukuna," in ji shi. "Mi aka kira tashi? Sai ya hau, ya zagaya, ya dawo ya sauka bisa tayoyinai. In ba haka ba jifa ta."

"Gaban liman tashi kac ce," in ji Inna. "Ba ka ce sauka ba. Illo, ka zama shaida."

"Ni tuƙi nika yi, Inna."

Na haɗa batir, jirgin ya yi 'yar ƙararsa. Na ɗaga shi sama da kaina, na fuskanci iska. Na jira. Baba yana riƙe da rimot, babban yatsansa a kan sanda, bai motsa ba. Hannuna ya fara gajiya. Yana iya cewa rimot ta mutu, yana iya ba shi wuta kaɗan ya faɗo a gabana, kuma babu abin da zan iya yi.

Sai na ji farfela ta kama, ƙugin ya hau har jirgin yana fizgar hannuna. Wuta duka ya ba shi. Na yi taku na sake shi.

Ya nutsa kamar zai ci ƙasa, sannan ya ɗaga hanci. Ya wuce tsawon mutum, ya wuce tsawon bishiyar dogon yaro da ke bakin fili. Rana ta haska cikinsa, har ina hango tef ɗin da na naɗa. Manoman suka miƙe daga kan kwamin da suke ba ruwa suna sa hannu a goshi. Baba ya karkata sanda, jirgin ya karkata, shi ma ya karkata da dukan jikinsa har Illo ya tare shi da kafaɗa.

"Ya amsa," in ji shi. "Iyatu, kin gani? Jela ta amsa."

Bai taɓa tuƙa jirgi ba. Da ya juyo yana fuskantar mu, dama ta koma masa hagu, ya danna inda bai kamata ba. Jirgin ya kwanta a gefe, ya sulmiyo, ya soka hanci a cikin kunya mai laushi. Fiffike ɗaya ya ɓalle ya tsaya can gefe.

Na je na kwaso shi. Da na dawo Baba yana zaune a bakin keke, rimot a cinya, ƙirjinsa yana hawa da sauka. Na jira ya ce jifa ce. Inna ma ta jira. Ya ɗauki lokaci yana kallon sararin da jirgin ya bi.

"Illo," in ji shi, "ka san hanya."

Sau ɗaya na je duba shi a asibiti. An sa masa robar iska a hanci, an jingina shi da filo. Na gaishe shi, ya amsa wa bango. Yana ta mita a kan fankar ɗakin, wai kwandensar cikinta ce ta mutu, aikin minti kaɗan, amma an tara masu digiri an rasa mai hawa tebur. Inna ta tambaye shi ko a ɗaga gadon.

"Tambayi Injiniya," in ji shi. "Ita ta san komi."

Na tsaya a ƙarshen gado ina murɗa bakin mayafina har aka kaɗa ƙararrawar fita. A hanya na yi ta shirya amsoshin da ya kamata in ba shi.

Bai cika mako ba. Da hantsi muka ji keke ya tsaya, muka ji salati ta kan katanga. Kafin azahar maza sun kai shi sun dawo.

Da la'asar, da mata suka ɗan ragu, na shiga ɗakin Inna. Tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, jakar asibiti a gabanta ba a kwance ba. Na durƙusa na yi mata gaisuwa.

"Ya bar maki saƙo," in ji ta. "Jiya yac ce in gaya maki hancin jirgi ya cika nauyi. Ki ja batir baya kaɗan."

"Ba hanci ba na, Inna. Shi na yad danna hagu."

Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Wata tsohuwa da ke jan carbi a lungu ta ɗago ta dube ni.

"To, je ki gaya mai," in ji Inna. "Ke kin ma samu saƙo. Ni ce mani yay yi shayina ya cika siga. Shekara arba'in bai taɓa cewa ya yi daidai ba."

A waje ana jin maza suna shafa fatiha, wasu na tashi wasu na zama.

"Bahijja, da mun bar shi gida..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta jawo jakar, ta zuge zif, ta fito da filas ɗin da ta cika da asuba za ta kai masa. Ta buɗe, ta tsiyaya a murfi. Shayin bai huce ba. Ta riƙe murfin da hannu biyu a kan cinyarta, tururi yana tashi a hankali.