Rilwanu Ya Fita Gandu

Rilwanu ya haura shekara arba'in, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, 'yarsa ta fari Amira ta kusa gama lakwal, wato makarantar boko, amma hatsin da ake dakawa a ɗakinsa har yanzu tsohonsa ne ke aunawa. Kowace safiya Malam Maiwada zai sa a ɗebo daga rumbu, ya zauna bisa buzu ya auna da kansa, sannan mata su ɗauka. Tukunya ɗaya ce a gidan, gona ma ɗaya ce mai suna gandu, kuma abin da tsoho ya ce a shuka shi ake shukawa. Rilwanu yana da 'yar gayaunarsa, ɗan fegin noma na kansa, a gefe, wadda yake leƙawa ran Juma'a ko da maraice in da sauran ƙarfi.

Ba wai Malam Maiwada mugu ba ne. Mutum ne dai wanda bai taɓa tunanin akwai wata dabara a duniya da ta wuce tasa ba. Shekara nawa Rilwanu na roƙon a ba riɗi wuri a gandu, tun da maƙwabta suna samun alheri da shi, tsoho na cewa riɗi ba ya zama tuwo. Ƙannen Rilwanu biyu ba su iya wannan haƙurin ba. Ɗaya ya tsallaka Kano, ɗaya ya yi arewa wajen haƙar zinariya, sai dai a ji muryarsu a waya ranar Salla. Shi kaɗai ya tsaya, kuma mutanen ƙauyen suna yaba masa, irin yabon da ake yi wa jaki mai haƙuri.

Ran uku ga Agusta, ranar da ƙasa ke tuna samun 'yancin kai, tsoho ya aike shi garin Bande ya sayo gishirin dabbobi. Ya tarar ana fet, wato biki, a gaban meri, ofishin magajin gari. An ɗaga tuta, 'yan lakwal sun yi waƙa, wani mai babbar riga ya yi dogon jawabi cewa ƙasa ta tsaya da ƙafarta, ba mai sake auna mata abin da za ta ci. Rilwanu ya tafa tare da jama'a, maganar ta shige shi. Da aka gama sai aka shiga rabon 'ya'yan itace, tun da ranar ce kuma ranar dashe. Mai rabon ya ɗaga murya ya ce ɗaya-ɗaya ne, kuma na masu gida ne kawai.

Rilwanu ya miƙa hannu, ba tare da ya kawo komai a ransa ba. Sai ya ji muryar Mansur, abokinsa tun na ƙuruciya, mai baki kamar reza.

"A'a, Rilwanu! An ce masu gida. Kai ai ɗan gandu ne, sai dai in Baba ya aiko ka karɓar masa."

Aka fashe da dariya. Wasa ne, kuma Mansur ya sha yi masa wanda ya fi wannan. Amma ranar abin ya shige shi. Mai rabon, yaro ne da bai kai ƙaninsa ba, ya tsaya da ɗan itacen a hannu yana dubansa, yana jiran a gaya masa gaskiyar magana. Rilwanu ya janye hannunsa, ya yi dariyar yaƙe, ya ce ai dama bai da wurin dasawa. Ya ɗaura gishiri a bayan keke ya kamo hanya, kunya da haushi suna cinsa har gida.

Bayan la'asar ya sami tsoho a zaure yana gyaran ƙotar hauya. Ya durƙusa, ya gaishe shi, ya ba da labarin gishiri. Amma bai tashi ba, alamar da sauran magana.

"Faɗi mana," in ji Malam Maiwada, bai ko ɗago ba.

"Baba, dama cewa na yi, in Allah ya kai mu kaka, ko za a yi min izini in fita gandu. In gwada tsayawa da ƙafata."

Tsoho ya ci gaba da fiƙe ƙotar. "Jawabi ka jiyo a Bande?"

"Ba jawabi ba ne, Baba. Na daɗe da abin a raina."

"Ina yaro aka ba ƙasar nan 'yancinta," in ji tsoho. "An yi kiɗa a Magariya, mu ma mun bi manya mun je kallo. Da gari ya waye ubana ya tashe mu muka tafi gona, ciyawa ba ta ji labari ba. Amma na tambaye shi ko me ya sake. Ya ce yanzu in an yi ɓarna, mu muka yi ta, ba wanda za mu nuna da yatsa. Shi ke nan abin da ya ce." Ya hura ƙurar icen, ya duba ƙotar ta tsaye. "Ka ce kaka? Me za a jira? Wanda ransa ya fita gandu, hannunsa ma ya fita. Gobe ka kira min baffanka."

Rilwanu ya shirya wa faɗa, ya shirya wa zagi, har ya tanadi amsoshi tun daga hanyar Bande. Wannan ne bai shirya wa ba. Ya tashi, bai san ko murna zai yi ba.

Washegari baffansa Sharifu, ƙanin tsoho, ya zo aka tafi gona su uku. Malam Maiwada bai yi ƙwauro ba, wannan kowa ya shaida. Ya yanke wa Rilwanu ɓangaren gabas, daga jerin ciyawar gamba har zuwa hanyar shanu, da hatsin da ke tsaye a ciki da gawo huɗu manya. Wurin ya fi ko'ina taki. Sharifu ya yi ta leƙen fuskar yayansa, ya ce, "Yaya, a tsakiyar damina? Ga maimai, noma na biyu, ba a gama ba." Tsoho ya ce ya ji. Da suka koma gida ya sa aka fitar da dammunan hatsin da za su kai iyalin Rilwanu kaka, aka jibge su a ƙofar ɗakin Balki, matar Rilwanu. Kafin maraice an ja dangar kara a tsakar gida, Balki ta kafa murhunta.

In aka ce Rilwanu bai ji daɗi ba an yi ƙarya. Ya ji, ƙwarai ma. Da safe ya tashi ba wanda ya buga masa ƙofa da sanda. Ya fara noma ta inda ya ga dama, ya huta sa'ad da ya ga dama, ya tsaya a tsakiyar gonar yana tsara inda riɗi zai zauna baɗi. Balki kuwa ta auna hatsi da hannunta, ta ƙara ɗan abin da ta ƙara, ta yi tuwon da yara suka ci har suka bari. Ba ta taɓa zuga shi ya fita ba, amma ranar ya ji tana 'yar waƙa a bakin murhu.

"Malam," ta ce masa, "ashe haka mutane ke ji?"

Mansur ma ya zo har gona ya yi masa barka, ya cire hula ya rusuna, wai yana gaida mai gida. Rilwanu ya jefe shi da hoge, suka yi dariya.

Matsalar ɗaya ce, ita ce gabas da yamma ba su da katanga. Duk sa'ad da Rilwanu ya miƙe don ya huta bayansa, idonsa sai ya faɗa ƙetaren gamba. Can zai hango tsoho shi kaɗai, sunkuye, yana jan hauya a hankali. Ya yi layi ɗaya ya tsaya ya dafa ƙugu. Da can Rilwanu bai taɓa lura da yadda ƙafafun tsohon suka sirance ba, don kullum yana gaba, tsoho na baya yana gyara masa aiki da baki. Ruwa kuma bai yi musu sauƙi ba a wannan watan. Aka yi ta samunsa a kai a kai, ciyawa ta taso ta rufe gindin hatsin gandu, har ganyen ya fara yin rawaya.

Rilwanu ya yi ta ba kansa hujja. Ai ba shi ya ce yanzu ba, kaka ya ce. Ai tsoho ne ya zaɓi haka don ya kunyata shi. Ai yana da wasu 'ya'yan, su ma su zo. Kuma in ya tsallaka gambar nan, me ya fita ke nan? Gobe Mansur zai ce an ba shi 'yanci ya mayar. Ya koma yana noma yana ba yamma baya, amma wuyansa ya ƙi ba shi haɗin kai.

Ya je wajen mahaifiyarsa, Inna Fati, ya ce ko za ta sa baki tsoho ya ɗauki 'yan ƙwadago. Ta dube shi kawai. "Ka san ubanka," ta ce. "Ko zai faɗi a gonar nan ba zai kira kowa ba. Kai ma ba zai kira ka ba."

Ran da ya gama maimai a tasa gonar, da hantsi, ya tsaya a bakin gamba da hauya a kafaɗa. Ba wanda ya aike shi, ba wanda zai tambaye shi in ya wuce gida. Wannan tunanin ya ɗan tsaya masa a rai, don bai taɓa shiga gonar nan da zaɓinsa ba. Ya tsallaka, ya yi sallama, ya kama layin da ke kusa da na tsoho.

Malam Maiwada ya amsa sallamar, ya dube shi, ya ci gaba da jan hauyarsa. Suka yi ta aiki. Rilwanu yana jiran ya ji an ce ya bar ciyawa a baya, ko ya yi kusa da gindi da yawa, ko wannan wane irin noma ne kamar na mai jin barci. Shiru. Ya ma bar wani tsiro da gangan, ya saci kallo. Tsoho ya zo wurin, ya sunkuya ya cire da hannu, ya wuce.

Da rana ta take Inna Fati ta iso da fura. Ta ga su biyu a layi, fuskarta ta washe, ta aje ƙwaryar a inda ta saba ajewa. Tsoho ya ce mata ta kai gindin gawo, ta shimfiɗa buhu. Ya dama da kansa, ya miƙa wa Rilwanu ludayin.

"Bismilla."

"Baba, ka fara mana."

"A'a, sha. Kai ne ka zo wurinmu."

Rilwanu ya sha don ba yadda zai yi. Inna Fati ta kau da kai tana gyara ɗaurin zaninta.

Suka koma aiki har la'asar ta yi sanyi. Sun ci fiye da rabin abin da ya rage, kuma ƙarfin Rilwanu ne ya ci shi, kowa ya gani. Ya saɓa hauyarsa zai kama hanya, sai ya ga tsoho ya aje tasa ya biyo shi. Ya raka shi har bakin gamba, daidai inda Sharifu ya tsaya ranar rabo. Nan ya tsaya, ya share hannunsa a riga, ya miƙa masa.

"Malam Rilwanu, na gode. Ka bar naka aikin ka zo ka taimake ni. Allah ya saka da alheri, Allah ya yi wa gonarka albarka."

Rilwanu ya duba fuskar tsohon da kyau, yana neman gatse ko fushi, wani abu dai da zai riƙe ya ce ai horo ake yi masa. Bai samu ba. Da zuciya ɗaya tsohon ke magana, idonsa ma ya ɗan kawo ruwa. Tun yana ɗan shekara bakwai yake noma gonar nan, kuma ba a taɓa ce masa an gode ba, don ba a gode wa mutum a kan abin da yake nasa. Ya daɗe yana ganin ranar da aka gode masa zai ji daɗi. Sai ga shi abin ya soke shi, ya ji da ma zagin aka yi masa.

"Baba, ai ba sai ka..."

"Dole ne," in ji tsoho. "Ba tilas ka zo ba, ka zo." Ya saki hannunsa. "A gaida mutanen gida."

Mutanen gidan da danga ɗaya ce tsakaninsu, waɗanda tsoho zai ji tarinsu in ya koma. Rilwanu ya buɗe baki, ya faɗi abin da kowane baƙo ke faɗa.

"Za su ji," ya ce, ya tsallaka gonarsa.