Babur Ɗaya, Masu Shi Biyu

A tashar Daura, idan aka ambaci Malam Abdulbaƙi na ofishin rajistar ababen hawa, kowa da abin da zai faɗa. 'Yan acaba sun ce bai san alfarma ba. Direbobin Dutsi sun ce ko surukinsa ne ya kawo mota, sai ya durƙusa ya kwafi lambar inji da hannunsa. Munzali mai fataucin awaki kuwa a fuskarsa ya faɗa masa, ranar da ya kai sabon babur a yi masa lamba, ya ga ƙarin kuɗi a ƙasan rasit.

"Wannan fa na mene ne?"

"Na tafiyar da ofis ne, Alhaji. Da shi ake gyara kwamfuta, a zuba wa janareto mai."

"Ka dai ce na cefanen gidanka! Ɓarayin biro kawai. Mu ko raƙumi muka saya, hannu ake tafawa, a ce Allah ya sa albarka."

Malam Abdulbaƙi ya buga hatimi ya miƙa masa.

Bayan wata bakwai aka ɗauke babur ɗin a bakin kara, Munzali na can yana cinikin bunsuru. Takardun ma suna ƙarƙashin sit, inda ya cusa su tun ranar farko. Zagayen ƙauyuka ya tsaya, abokan ciniki suka fara komawa wajen wasu.

Da 'yan sanda suka kama wasu babura a hanyar kan iyaka, Munzali ya gane nasa, ko da yake an cire lamba an sake fenti. Sai ga wani Jafaru da shaidu uku, sun rantse a gabansu ya saya, aka tafa hannu.

"Kowa ya kawo takarda," in ji ɗan sanda.

Kwana biyu Munzali na wucewa ta ƙofar ofishin nan bai shiga ba. Ran na uku ya shiga, kai a sunkuye. Malam Abdulbaƙi ya saurare shi har ƙarshe, ya sa aka tada janareto, ya nemo sunansa. Bai tsaya nan ba, ya bi shi caji ofis, ya kankare fentin da makulli, ya karanta lambar inji ɗaya bayan ɗaya. Ta yi daidai da wadda ke cikin kwamfuta. Jafaru ya yi salati, ashe shi ma cutarsa aka yi.

Washegari Munzali ya zo da ɗan akuya ɗaure a bayan babur.

"Mayar da shi, Alhaji, aikina na yi."

Munzali ya dubi mutanen da ke layi, ya cire hula ya mayar, ya yi gyaran murya.

"Jama'a ku shaida, wannan bawan Allah na taɓa zaginsa a nan, kuma ban da gaskiya. Malam, don Allah ka yafe mini."