Maganin da Aka Ba Manaja

Manaja mage ce. Baba ne ya raɗa mata sunan, don tun tana ƙarama take hawa teburin yanka a shagon ɗinkinsa, ta zauna a kan yadin mutane tana kallon kowa kamar ita ta ɗauke su aiki. Tun da ya rufe shagon ya dawo da keken ɗinkinsa gida, ita ce abokiyar hirarsa.

Ranar Talata ta dawo daga yawo da cizo a ƙafar baya. Zuwa Laraba ƙafar ta kumbura, jikinta ya yi zafi, ta ƙi cin komai. Sista, babbar 'yar Baba, ta biyo gidan bayan ta tashi daga aikin safe. Shekara goma sha bakwai tana aikin jinya a ɗakin yara na asibiti, har uban da ya haife ta ma Sista yake ce mata.

Ba ta yi aikin kintace ba. Ta wanke ciwon, ta sa magen a roba ta ɗora a sikelin kicin. Kilo uku da giram ɗari biyu, nauyin jariri sabon haihuwa. Ta yi lissafi a bayan ambulan yadda ta saba, ta zuƙi farasitamol na ruwa, irin na yara, a sirinji, ta ɗura mata ta gefen baki. Kafin ta tafi gidanta ta ƙara ba ta. Duka biyun Baba yana ɗaki yana hutawa.

Da safe ya kira ta.

"Sista, zo ki ga Manaja. Fuskarta ta zama wani abu."

Fuskar ta cika kamar an hura, tafin hannuwan ma haka, tana numfashi baki a buɗe. A mota, kan hanyar asibitin dabbobi, Baba ya rungume kwandon da suka sa ta a cinyarsa.

"Ni ne," ya ce. "Maganin ɓeran da na sa a bayan kabad. Kin hana ni, na ƙi ji. Ga shi na kashe ta da hannuna."

Sista ta riƙe sitiyari, idonta a kan hanya. Wani abu ya fara taso mata, wani layi da ta taɓa karantawa tun tana makaranta, ta danne shi.

Likitar dabbobin yarinya ce a idon Sista, ba za ta wuce sa'ar ɗaliban da take koya wa ɗaura bandeji ba. Ta ɗora Manaja a teburin ƙarfe, ta ɗaga leɓenta. Dasashin ya koma ruwan ƙasa. Ta daɗe tana dubawa.

"An ba ta wani magani a gida?"

"A gidan da ke da Sista?" in ji Baba. "Likita, wannan 'yata ce, babbar ma'aikaciyar jinya. Ni kaina ba na haɗiyar ƙwaya sai ta duba kwalin. Maganin ɓera ne, ni na sa."

"Kun tabbata? Don wannan bai yi kama da shi ba."

"To me ya rage? Ni dai rubuta sunana, ni ne mai laifin."

Likitar ta juya ta buɗe firji ta ɗauko wata ƙaramar kwalba. Sista ta karanta jikinta daga inda take tsaye. Maganin karya gubar ɓera ne. Ta san ba zai yi komai ba, ta kuma san kowace awa da ta wuce hantar magen ke ci. Sau nawa ta tsare uwa a bakin gado tana cewa, "Faɗa mini gaskiya me kika ba shi, ba duka zan yi miki ba"? Har ta san yadda suke sunkuyar da kai su kama wasa da bakin mayafi. Ta duba, ta ga hannunta na murza igiyar jaka.

Allura ta shiga bakin kwalbar.

"Dakata, Likita."

Duk suka juyo.

"Farasitamol ne. Na ruwa. Mil biyu da ƙarfe uku, mil biyu da ƙarfe bakwai, jiya. Ni na ba ta."

Likitar ba ta yi mamaki ba, wannan kuwa ya fi komai ciwo. Ta ajiye kwalbar ta ɗauko wata.

"Da ma na yi zato. Mage ba ta ɗaukar farasitamol, Anti, ko ɗigo. Jikinta ba shi da abin narka shi."

"Na auna ta," in ji Sista, ta kuma ji wautar maganar tun kafin ta gama fita. "A sikeli."

"Na ga alama. Da jariri ne da kin yi daidai."

Aka aske hannun Manaja aka sa mata ƙarin ruwa, aka ba ta maganin farko ta jijiya. Sista ce ta riƙe ta, don ba wanda ya fi ta iya riƙon. Ba ta ɗaga ido ta dubi ubanta ba. Yana zaune a kujerar roba, kwandon wofi a ƙafarsa, hularsa a hannu.

"Ashe tun a mota kin sani," ya ce can.

"Na yi zargi, Baba."

"Kika bar ni ina ta zuba."

Ta gyara riƙon da ta yi wa Manaja.

Bayan awa uku numfashin ya ɗan daidaita. Likitar ta ce ba ta yi alkawarin komai ba, sai kwana uku sun wuce za a san halin da hantar ke ciki. Yau Manaja za ta kwana a nan, gobe in ta yi ƙarfi a tafi da ita, a riƙa ba ta magani duk awa shida. Ta ɗauko takarda, ta tsallake Sista, ta durƙusa gaban Baba ta fara yi masa bayani.

Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Hannuna rawa yake yi, Likita, sai in shaƙe ta. Ita za ta bayar." Ya nuna Sista da haɓa, bai dube ta ba. "Faɗa mata. Amma a hankali, ki kuma maimaita."

Sista ta matso, ta ciro biro daga aljihunta, ta tsaya a gaban yarinyar tana rubuta abin da ake faɗa mata.