Wanda Zai Riƙe Ɗan'auta

Kwana tara ya rage a tafi da Malam Abdulsalami Kano jinya, amma har yanzu bai samu wanda zai bar wa kifinsa ba.

Ba masu so ne suka yi ƙaranci ba. Tunda labari ya zaga Birnin Kudu cewa tsohon malamin kimiyya zai kyautar da jan kifin nan na cikin akwatin gilashi, sallama ba ta yanke a ƙofar gidansa ba. Shi kuwa yana kishingiɗe a falo, ƙafarsa ta hagu naɗe da bandeji a kan matashi, ciwon sukari ya cinye babban yatsa yana neman na kusa da shi. Ya gaji da ciwon, ya gaji da amsa sannu, ya kuma gaji da masu gaishe shi da baki alhali idonsu na kan gilashi.

Kifin ɗaya ne tal, bai wuce tsawon tafin hannu ba, ja mai ruwan lemo, da jela shara-shara kamar gefen mayafi. Shekararsa goma sha ɗaya a gidan. Batulu, matar Malam, ita ta raɗa masa Ɗan'auta, wai tunda Allah ya tsayar musu da haihuwa a kan Khuzaima, to ga ƙaninta ya samu. Batulu ta rasu shekara huɗu da suka wuce, sunan ya zauna, kuma tun daga lokacin idan Malam ya yi magana a cikin gidan nan to da kifin yake.

Khuzaima ce ta zo daga Kano ɗaukarsa, don likita ya ce ƙafar sai an yi watanni ana wanke ta. Da ya kawo zancen tafiya da kifin, ta tuna masa gidanta bene ne, ruwa a hannun 'yan garuwa suke saye, ga yara uku masu ƙiriniya.

"Baba, jinyarka zan yi ko ta kifi?"

Bai ji haushi ba, gaskiya ta faɗa. Duk mako sai an kwashe sulusin ruwan akwatin an maye da wanda ya kwana biyu a ajiye, shi kuwa yanzu ko buta da ƙyar yake ɗagawa.

Duk wanda ya zo neman kifin, Malam yakan yi masa tambayoyi: ruwan rijiya yake sha ko na famfo, akwai kyanwa a gidan, wa zai duba idan ya yi tafiya. Amma ya san amsar baki kowa ya iya ta. Jarrabawar gaske tana cikin wani ɗan gwangwani da ke kan teburi. In an gama zance sai ya miƙa wa mutum ya ce ya ɗan ba kifin abinci, shi kuma ya zuba wa hannun ido.

A nan ake faɗuwa. Mutumin ƙasar nan ya gwammace a kira shi komai da a ce masa marowaci, balle a gidan wani, mai gida yana kallo. Kifi kuwa bai san ƙoshi ba. Ko yanzu ya ci, in ya ga inuwar mutum zai taso yana buɗe baki kamar ya kwana uku da yunwa. Zai ci har cikinsa ya kumbura, ragowar ta ruɓe ta ɓata ruwan. Malam bai karanta wannan a littafi ba. Biyu ya sayo su a Kano, ɗayan bai yi wata ba ya wayi gari ya gan shi ciki a sama, kuma ba hannun kowa ba ne sai nasa.

Alhaji Ɗanladi, mai kududdufan tarwaɗa a hanyar Sundimina, shi ya fara zuwa. Ya leƙa gilashin ya girgiza kai, ya ce an zalunci kifin nan, shekara goma sha ɗaya ko miya ba zai yi ba. A ba shi wata biyu kawai a kududdufinsa a ga ikon Allah. Malam ya san ikon Allahn da za a gani: kafin Alhaji ya koma mota tarwaɗa sun yi loma ɗaya da shi. Ya yi godiya, ya ce zai yi shawara.

Hajiya Bara'atu maƙwabciyarsa ta fi ba shi wahala, domin da zuciya ɗaya ta zo. Ta yi alkawarin kullum sai ta wanke akwatin da omo ya yi fes. Da ya miƙa mata gwangwanin, kifin ya taso yana buɗe baki, tausayi ya kama ta, ta ce bawan Allah yunwa yake ji, ta tuttula masa kusan rabi. Malam ya yi murmushi ya sa mata albarka. Tana fita ya dafa bango ya miƙe da ƙafa ɗaya, ya ɗauki matacin shayi yana tsame abincin kafin ya nutse, gumi na karyo masa. A haka Khuzaima ta same shi, jini ya fara ɓullowa ta bandejin. Ta karɓi matacin ta ƙarasa.

Cornelius mai kemis ne kaɗai ya sa ransa ya yi fari. Ya taɓa kiwon irinsu a garinsu, kuma da aka ba shi gwangwanin yatsa biyu ya sa ya ɗan ɗebo. Sai dai shi da kansa ya faɗi gaskiya, duk Disamba yakan rufe shago ya tafi gida mako uku, sai dai ya bar wa maƙwabta. Malam ya san maƙwabta, mutanen kirki ne irin Hajiya Bara'atu. Suka yi sallama kowa ransa ba daɗi.

Saura kwana biyar Khuzaima ta ce, tana ninke masa kaya ba tare da ta dube shi ba, "Ai akwai Baffa Hadi."

Malam ya juya fuskarsa bango.

Hadi ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, manomi a Dingaya ta ƙasar Gwaram. Shekara goma sha uku ke nan ba sa haɗuwa sai a jana'iza, a yi musabaha kowa ya kama gabansa. Mahaifiyarsu, Dada, a hannun Hadi ta yi shekara shida tana fama da irin ciwon da yanzu ke cin ƙafar Malam. Dada na son zaƙi. Hadi kuwa ya kulle sukari a akwati, tuwonta ma da ƙaramin kwano ake aunawa. Ta yi roƙo, ta yi kuka, ta kira shi mai hannun jarirai, bai saki ba. Shi Malam duk ƙarshen wata sai ya je da alewa da dabino a aljihu, ya cusa mata a ƙarƙashin matashi, ta yi ta sa masa albarka tana cewa shi ne ɗanta. Wata ƙaramar Salla ya bar mata leda guda da kwalbar zuma. Kwana huɗu bayan nan ta suma, ba a kai ga asibitin Gwaram ba rai ya yi halinsa. Ranar sadakar uku, a gaban jama'a, Malam ya nuna Hadi ya ce shi ya kashe ta da yunwa. Hadi bai tanka ba.

Bayan shekara biyu, safiyar da ya tsamo mataccen kifin nan, Malam ya daɗe a tsaye da shi a hannu yana tuna matashin Dada. Ya gane. Amma ganewa daban, ɗaukar ƙafa zuwa Dingaya daban. Ya yi ta cewa sai bayan Salla, sai bayan kaka, har shekaru suka taru suka yi masa nauyi.

Khuzaima ba ta sake tayar da zancen ba, waya kawai ta buga. Ranar Laraba da hantsi aka ji tsayuwar babur, sai ga Hadi ya shigo da sallama, ya rame, gemunsa ya yi fari fat, laka har gwiwar wando. Sauran masu dubiya da lemon kwalba da madara suke zuwa, waɗanda Khuzaima ke ɓoyewa. Shi ƙullin busasshen zogale ya ajiye da ɗan garin alkama. Ya durƙusa ya gaida yayansa, ya tambayi ƙafa, ya yi addu'a. Daga nan zance ya ƙare, suka zauna kowa yana kallon ƙasa.

Ba kifi ya kawo shi ba, ko kallon gilashin bai yi ba. Amma shirun ya yi wa Malam yawa, hannunsa kuma ya saba, sai ya ɗauki gwangwanin ya miƙa masa.

Hadi ya tashi ya je gaban akwatin. Ɗan'auta ya taso da sauri, yana kaɗa jela yana buɗe baki a jikin gilashi. Hadi ya buɗe murfin ya shinshina, sannan ya waiwayo ya tambaya yaushe rabonsa da ci. A cikin duk waɗanda suka zo, ba wanda ya yi wannan tambaya. Malam ya ce da safe. Sau nawa yake ci a rana? Sau ɗaya. Hadi ya mayar da murfin ya rufe, ya ajiye gwangwanin inda yake.

"To ai ya ci na yau."

"Ba ka ga yana roƙo ba?"

"Na gani, Yaya," in ji Hadi. "Na saba gani."

Malam ya tambaye shi ko ruwan rijiyarsu na nan da daɗinsa. Hadi ya ce yana nan. Kyanwa fa? Babu. Tafiya fa? Ya ce manomi ina za shi. Malam ya yi masa bayanin ruwan da ake ajiyewa kwana biyu, Hadi ya saurara bai katse shi ba, ya ce su zo da shi ranar Asabar.

Khuzaima ta so a ɗora wa direba kawai, Malam ya ce ko da rarrafe sai ya ga wurin da idonsa. Aka kwashe tsohon ruwan a jarkoki biyu, aka naɗe akwatin da barguna, aka sa kifin a bokiti mai hudajjen murfi. Malam ya rungume bokitin a cinya tun daga Birnin Kudu. Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, hanyar kuma bayan an bar kwalta duk ramuka ce. Duk ramin da motar ta faɗa, ruwan ya fantsalo masa a riga, ƙafar ta amsa har cikin kansa. Ko da suka isa Dingaya ya jiƙe sharkaf, ya galabaita.

Hadi ya tallafe shi zuwa ɗakin da ya gyara, ya ce shi ya fi sanyi a gidan, rana ba ta shiga. Ɗakin Dada ne. An share shi, an kafa benci mai ƙwari a jikin bango, ga randa biyu cike da ruwan da aka ja tun ranar Laraba. Gadonta na ƙarfe na nan inda yake, babu katifa.

Suka haɗa akwatin, Malam na faɗa daga kan kujera Hadi na yi. Da aka saki Ɗan'auta ya lafe a ƙasa na ɗan lokaci, sannan ya fara zagaye. Khuzaima ta fita wajen matan gida.

Malam yana kallon gadon ya ce, "Hadi, ni ne nake ba ta. Alewa, dabino. Zumar nan ma ni na kawo."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Ni nake share ɗakin. Duk ƙarshen wata ina tsintar takardun alewa a ƙarƙashin gado."

Malam ya tambaye shi me ya hana shi faɗa ranar sadakar uku, da ya tsaya a gaban mutane yana zaginsa. Hadi ya goge hannunsa a riga, ya ce ya duba ya ga in ya faɗa, yayansa ba zai iya ɗauka ba. Shi kuwa ya riga ya saba a ce masa mugu.

Malam Abdulsalami ya sunkuyar da kai ya yi kuka, irin kukan tsofaffi marar sauti. Ya nemi gafara, Hadi ya ce ya yafe tun tuni, ya kuma ce ya bar motsa ƙafar haka kada jinin ya dawo.

Akwai takarda shafi biyu a aljihun Malam da ya rubuta dokokin kula da kifin, don duk wanda zai karɓa. Ya zaro ta, ruwan bokiti ya jiƙa ta, tawadar ta dame. Hadi ya karɓa duk da haka ya shanya a kan gadon Dada.

Khuzaima ta shigo da shayi, da gwangwanin sukari a gefen faranti kamar yadda matan gidan suka ɗoro mata. Hadi ya miƙa wa yayansa kofin, ya ɗauke gwangwanin ya sa a bayansa. Malam ya dube shi, ya dubi Ɗan'auta da ya taso jikin gilashi yana buɗe baki. Shayin da ɗaci. Ya shanye shi tas bai roƙa ba.