Kukan da Jan Wuya Ya Bar wa Isiyaku

Gonata da ta Isiyaku kunya ɗaya ce ta raba su, a bakin magudanar ruwan da ta bi ta bayan Bunkure. Duk ciyawar da ya ƙi nomewa, gonata take shigowa gaisuwa. Saboda haka ina da haƙƙin ba da labarinsa.

Lokacin da ake haƙa magudanan nan, Isiyaku ne mai riƙe wa wani Bature sandar awo. Jan Wuya muke ce wa Baturen. Aikin Isiyaku shi ne ya tsaya ƙiƙam a rana, Bature ya leƙo shi ta madubi daga nesa, ya yi masa hannu, shi kuma ya matsa. Wannan ne Isiyaku yake kira aminci. Ranar da Jan Wuya zai koma ƙasarsu, Isiyaku ya riƙe ƙofar mota ya ƙi saki. Bature ya laluba aljihun mota, ya miƙo masa wani kaset, direba ya ja.

Tunkiya guda ya sayar ya sayi tsohuwar rikoda. Batir kuwa, Allah ya kiyaye. Isiyaku bai taɓa yarda batir yana mutuwa ba, a wurinsa suma yake yi. Sai ya bi gidaje ya karɓo waɗanda tocila ta gama tsotsewa, ya jera su a kan katanga su sha rana, ya ɗan ciccije su da haƙori, ya zuba.

Abin da ke fitowa kuwa sai wanda ya ji. Goge biyu ne suke jan ƙafa, wani babba yana gurnani a ƙarƙashinsu, sai wani abu mai tsirkiya da yawa yana ɗiga ɗaya-ɗaya kamar ɗaki mai yoyo. Ba waƙa, ba ganga, ba a ko ambaci sunan kowa.

"Ku saurara," in ji Isiyaku, ido a lumshe. "Mutumin nan bai iya Hausa ba, shi ya sa ya bar min kukansa a kaset. Wanda ya yi irin wannan kukan zai dawo. In ya dawo, ni zai damƙa wa makullin ƙofar ruwa."

To, shugaban ƙofar ruwa na gobe ai ba za a gan shi duƙe da fartanya ba. Haka gonar ta zauna. Shekarar da gwamnati ta hana shigo da alkama, kowa a Kura da Bunkure ya duƙufa, har gurgu ya nemi wuri. Isiyaku ya noma ƙaya. Matarsa Zuliha ce ke riƙe da gidan, da turara shinkafar mutane da surfe. Ƙarshe mai unguwa ya aiko: in wannan ranin ma bai shuka ba, za a ba wani gonar ya noma. Isiyaku ya amsa saƙon da ƙara wa rikoda murya.

Wata rana bayan la'asar muna zaune a ƙofar zaurensa, kaset na kunne, ana ta zaman makokin da muka saba, sai ga Hananiya da rediyonsa a rataye. Shi ne mai gyaran injin ban-ruwa a Kura, kuma shi ke ba da waƙa a cocinsu. Ya tsaya ya karkata kunne.

"Malam Isiyaku, wannan irin kiɗan Turawan da ne, na mutum huɗu ko biyar a falon masu hali. Amma ba a wannan muryar aka ɗauke shi ba. Ya fi haka sama, ya fi haka gudu. Rikodarka ce ke jin yunwa."

"Kai ka riƙe masa sanda ko ni?" in ji Isiyaku. "Kawo batiran naka in kana taƙama. Kuka ai kuka ne, ko da me aka kunna shi."

Hananiya ya zare na rediyonsa, sababbi fil, ya zuba.

Wallahi sai da na zabura. Gogen nan biyu da muka sani kwance rai a hannun Allah suka miƙe suna tsere, wannan ya wuce, wancan ya kamo shi. Mai gurnanin nan ashe tsalle yake yi. Yoyon ya zama ruwan sama a kan kwano. Muryar duka ta hau, ta yi wasai, ba ko ɗigon baƙin ciki. Mai shayin tsallaken hanya ya fara kaɗa cokali a jikin kofi. Ni kaina na kama ƙafata tana motsi, na taka ta da ɗayar.

Na yi niyyar dariya, don na daɗe ina tanadinta. Da na dubi fuskar Isiyaku sai ta maƙale. Tausayinsa ya kama ni, abin da ban shirya ba.

"Rikodar ce ta haukace," ya ce a hankali. Ya juya wajen ƙofar cikin gida, inda ake jin ƙarar taɓarya. "Zuliha! Ke da kike jin kaset ɗin nan kullum, haka yake?"

Taɓaryar ta tsaya.

"Haka yake, Malam," ta amsa daga ciki. "In ka fita nakan sa na tocilata. Da shi nake surfe, hannu ya fi sauri."

"Tun yaushe?"

"Tun satin da ka kawo shi."

Kiɗan ya ci gaba da murnarsa, kamar mai kaya a mota da ya ga hanyar gida. Isiyaku ya kashe, ya zare batiran, ya miƙa wa Hananiya da hannu biyu.

Washegari da na isa gona na tarar an riga ni. Yana duƙe a bakin kunya yana fasa wa ruwa hanya, ƙaya ta yayyage masa ƙafa. Na yi masa barka da aiki. Bai ɗago ba.

"Ara min fartanyarka," ya ce. "Tawa ta yi tsatsa."